Ritaya ta Biyu

Shekara talatin da biyar ina karanta mitar ruwa,
daga Rafindadi har Ƙofar Marusa.
Karnuka sun san takuna,
masu bashi sun san sallamata, ba sa amsawa da wuri.
Ran da aka sallame ni da agogon bango
na rataye shi, na zauna ina kallonsa.
Kwana tara.
Kulu ta ce, "Malam, ko dutsen niƙa
ana ɗaga shi a share ƙarƙashinsa."

Sai na nufi 'yan katako.
Zarto, guduma, ƙusa 'yar inci biyu,
gizago kuwa na marigayi Baffa Ɗanjuma ne, ƙota kawai na sake masa.
Na kafa rumfa bayan ɗaki, gindin bedi.

Kujerar farko ta fito tana ɗingishi.
Kulu ta cusa mata kwalin ashana a ƙafa,
ta hau, ta tsince shinkafarta,
ba ta ce uffan ba, abin da ya fi gori ciwo.
Ta biyu ta tsaya da ƙafafunta.
Na gane maɗaci har garinsa ɗaci gare shi,
ƙirya kuwa ta ci mini haƙoran zarto uku
kafin ta yarda mu gaisa.

Ashe bayan gidana gari ne guda, ban sani ba.
Gwara 'yan kasuwa ne, ba sa sauka sai da rigima.
Ba'u ja, bai fi attaruhu ba,
yana wanka a fasasshen kasko kamar ya biya kuɗin ruwan.
Jan gwada bisa katanga yana gyaɗa kai,
ya amince da duk abin da aka ce,
sak wani shugaban sashe da na sani.
Zanzaro na jido laka daga bakin rariya,
ba igiya, ba ma'auni,
amma gininsa bai taɓa karkata ba.
Wannan na ɗan ji kishinsa.

Ina rubutawa a ragowar littafin mita:
Talata, ba'u huɗu.
Laraba, bushiya ta bar sawu gindin randa.
Hannu ya saba da ƙirga,
sai dai yanzu ba wanda zan kai wa bil.

Kurciya ce ta sa ni wahala.
Na ƙera mata akwati na maɗaci,
na goge da samfefa har jikata Nusaiba ta shafa kumatunta a jiki,
ƙofa zagayayya, rufi mai gangara saboda damina.
Na hau tsani, Kulu na riƙe tana salati.
Kurciya ta zo, ta leƙa,
ta juya wuya kamar mai neman haya,
ta tashi abinta.
Ƙadangare ne ya tare a ciki.

Yau Alhamis na dawo daga layin tantancewa,
inda na tabbatar wa wani yaro mai kwamfuta
cewa ina nan da raina.
Na miƙa hannu bisa kanta zan ɗauko zarto,
sai ga tsinkaye, ba su fi goma ba,
an watsa su kan ruwan zarton ba tsari,
ga ƙwai biyu farare,
ga ta a gefe ta kafe ni da ido.

Na janye hannuna a hankali.

Iro mai shayi na jiran bencinsa,
har ya ba da kafin alƙalami.
Na aiki Nusaiba ta ce masa an rufe ma'aikata,
mako biyu, ko huɗu,
sabuwar manaja ba ta faɗa ba.

Ga ni kan kujerar nan mai ɗingishi,
littafi a cinya, la'asar na sauka ta cikin ganyen bedi.
Na rubuta: Alhamis, ƙwai biyu.
Kulu ta turo ƙofa, ta riƙe ƙugu,
"Au, zaman ne ya dawo?"
Na ce, "Rage murya.
Kuma in za ki koma, kada ki buga ƙyauren."